Ƙwayoyin Gado, Girman Ƙwaƙwalwa da Karin Sautin Hausa: Waiwaye daga Yankin Boɗinga da Shagari

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi abin da masana kimiyyar gado suka gano game da yadda ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta ninka ta magabatansa sau uku a girma, da ƙwayoyin gadon da suka taka rawa a wannan bunƙasa. Daga nan ta auna hasashen da Dediu da Ladd suka gabatar a 2007, wanda ya danganta biyu daga cikin waɗannan ƙwayoyi da samuwar karin sauti a harsuna. An ɗauki yankin Mandera da ƙauyukan da ke tsakanin Boɗinga da Shagari a jihar Sakkwato a matsayin ma'auni, saboda a nan Hausa mai karin sauti da Fulatanci marar karin sauti suka daɗe suna cuɗanya. Maƙalar ta nuna cewa ƙwayoyin da suka girmama ƙwaƙwalwa mallakin dukkan 'yan Adam ne, kuma tarihin cuɗanyar al'umma ya fi jini ƙarfin bayyana harshen da mutum yake magana da shi.

Fitilun kalmomi: ƙwayar gado, ƙwaƙwalwa, karin sauti, auren zumunci, Fulatanci

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da lura da gado. Yakan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, yakan kuma fifita ɗan na-gada a kan ɗan na-koya. Sai dai shi ne kuma ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, wato ya san ɗa yana iya saɓa wa asalinsa. Tsakanin waɗannan karuruwan magana akwai tambayar da kimiyya take fama da ita har yau: me mutum yake gada a jini, me kuma yake ɗauka daga reno?

Tambayar ta shafi manazarcin Hausa kai tsaye. Tun 2005 aka fara yaɗa wasu sakamakon bincike da aka fassara da cewa mutanen Afirka sun rasa wasu nau'o'in ƙwayoyin gado masu alaƙa da ƙwaƙwalwa, bayan shekara biyu kuma aka jawo harsuna masu karin sauti, irin su Hausa da Yarabanci, cikin muhawarar. Wanda bai san tushen maganar ba zai iya karɓar ta duka ko ya watsar da ita duka, kuma kowanne kuskure ne. Maƙalar ta taƙaita ga abin da ake karantawa daga ƙasusuwa da ƙwayoyin gado. Bahasin asalin halitta ta fuskar addini fage ne mai zaman kansa da ma'abotansa.

1.1 Daidaita kalmomi

A kafofin yaɗa labarai ana amfani da “ƙwayar halitta” ga abubuwa biyu mabambanta, lamarin da ke rikita mai karatu. A nan an keɓe “ƙwayar halitta” ga ƙaramin ɗakin rai da ake gina jiki da shi, “ƙwayar gado” kuma ga yankin zaren DNA mai ɗauke da umarni guda. Zaren yana naɗe cikin sanduna 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. “Ƙwayar jijiya” ita ce ƙwayar halittar da ke aika saƙo a ƙwaƙwalwa, “ɓawon ƙwaƙwalwa” kuwa shi ne shimfiɗar waje mai lanƙwashe-lanƙwashe inda tunani da magana suka fi gudana.

2.0 Shaidar ƙasusuwa

Mafi tsufan ƙoƙon kan da ake dangantawa da zuriyar ɗan Adam a maƙwabtan ƙasar Hausa aka tono shi. A watan Yuli na 2001 ayarin Michel Brunet ya gano shi a hamadar Jurab ta arewacin Chadi, aka laƙaba masa suna Tumai. An ƙiyasta shekarunsa kimanin miliyan 7, kuma cikinsa bai wuce mililita 370 ba, kusan daidai da na birin cimfanzi na yau. Dangin Lucy, wadda aka tono a Hadar ta Habasha a 1974 mai shekara miliyan 3.2, suna da tsakanin mililita 400 da 500. Ke nan an shafe shekara miliyan huɗu ana tafiya da ƙafa biyu ba tare da kai ya ƙaru sosai ba.

Bayan shekara miliyan 2.5 da suka wuce ne lamarin ya sauya. Yaron Turkana, wanda aka gano a Kenya a 1984 mai kimanin shekara miliyan 1.5, yana da kusan mililita 880. Ƙasusuwan Jabal Irhud na Maroko, waɗanda aka sake auna shekarunsu a 2017 aka samu kimanin 300,000, sun kai girman na mutanen yau, wato kusan mililita 1,350 a matsakaici. Mafi yawan wannan hawa a nahiyar Afirka ya faru.

Girman yana da tsada. Ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 na kuzarin da babba ke ƙonawa yana hutawa. Aiello da Wheeler sun yi hasashe a 1995 cewa hanji ne ya ƙanƙance domin a biya wannan kuɗi, abin da ba zai yiwu ba sai da abinci mai nagarta kamar nama. Daga baya Richard Wrangham ya ƙara da dafuwa. Lissafin Suzana Herculano-Houzel na 2009 ya nuna ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, biliyan 16 daga ciki a ɓawo. Giwa ta fi mutum nauyin ƙwaƙwalwa sau uku, amma ɓawonta bai kai biliyan 6 ba. Don haka abin da ke buƙatar bayani shi ne yadda ɓawon mutum ya tara wannan yawa.

3.0 Yadda ɓawo yake ƙaruwa a ciki

Kusan dukkan ƙwayoyin jijiyar ɓawo ana samar da su ne kafin haihuwa, daga wasu uwayen ƙwayoyi da ke jere a bangon ƙwaƙwalwar tayi. Kowace uwa tana da zaɓi biyu idan za ta rabu: ta haifi uwaye biyu irinta, ko ta haifi ƙwayar jijiya wadda ba ta sake rabuwa. Misalin wannan yana wurin makiyayi. Wanda ya yi gaggawar kai karsana kasuwa ya samu kuɗi yau amma garkensa ya tsaya. Wanda ya bar ta ta haihu, 'ya'yanta ma suka haihu, shi ne mai babban garke bayan shekaru. Kowane zagaye ɗaya na rabuwar uwaye yana ninka adadi sau biyu, zagaye goma kuma ya ninka shi sau 1,024. Ɓera yana gama samar da ƙwayoyin jijiyar ɓawonsa cikin kusan mako guda, tayin mutum kuwa yana ɗaukar fiye da wata uku. Saboda haka ɗan jinkiri kaɗan a agogon rabuwa ya isa ya haifar da babban bambanci a ƙarshe, kuma yawancin ƙwayoyin gadon da za a ambata a kan wannan agogo suke aiki.

3.1 Ƙwayoyin da aka gano ta hanyar rashin lafiya

Akwai larurar da ake haihuwar jariri da ita ta ƙanƙancewar kai, inda ƙwaƙwalwa kan tsaya a kusan sulusin girmanta alhali tsarinta bai rushe ba. A 2002 masu bincike a Leeds ta Ingila, cikinsu har da Geoffrey Woods da Andrew Jackson, sun gano ƙwayoyin gado biyu da lalacewarsu ke jawo ta: ASPM a kuromosom na 1 da MCPH1, wadda ake kira maikurosefalin, a kuromosom na 8. Iyalan da aka yi binciken da su 'yan asalin arewacin Pakistan ne masu yawan auren zumunci. Daga baya aka ƙara gano wasu, irin su CDK5RAP2 da CENPJ da WDR62, kuma mafi yawansu suna aiki ne a kan zarurrukan da ke ja kuromosom gefe biyu yayin rabuwa. Idan suka lalace, uwayen ƙwayoyi sukan daina ninkuwa da wuri. A 2018 an kashe ASPM a jikin wata dabba da ake kira feret, ƙwaƙwalwarta ta ragu da kashi 25 zuwa 40 cikin 100.

3.2 Ƙwayoyin da mutum kaɗai ke da su

Rukuni na biyu ya samu ne ta hanyar kwafi: wani yankin zare ya maimaitu, kwafin kuma ya ɗauki sabon aiki. ARHGAP11B ta samu kimanin shekara miliyan 5 da suka wuce, daga baya sauyin harafi ɗaya tak ya ba ta aikin da take yi yanzu. Ayarin Wieland Huttner a Dresden ta Jamus ya nuna a 2015 cewa tana ƙara yawan uwayen ƙwayoyi, a 2020 kuma aka sa ta a tayin ƙaramin biri marmoset, ɓawonsa ya faɗaɗa ya fara lanƙwashewa. NOTCH2NL, wadda ayari biyu suka bayyana a 2018, tana jinkirta rikiɗar uwaye zuwa ƙwayoyin jijiya. Tana zaune a wani yanki na kuromosom na 1 da ke yawan samun kuskuren kwafi: idan yankin ya ɓace kai yakan ƙanƙance, idan ya ninku yakan wuce kima. SRGAP2C kuwa, mai kimanin shekara miliyan 2.4, tana jinkirta balagar mahaɗun jijiya tare da ƙara yawansu, lamarin da ya dace da tsawon yarintar ɗan Adam.

Akwai kuma yankunan da ba sa gina komai da kansu, sai dai su kunna wasu ko su kashe. Katherine Pollard ta bayyana HAR1 a 2006, yanki mai harafi 118. Tsakanin kaza da cimfanzi harafi 2 kawai suka bambanta a cikinsa, tsakanin cimfanzi da mutum kuwa 18. Muhimmin abin lura shi ne waɗannan sauye-sauye sun girmi rabuwar al'ummomin duniya nesa ba kusa ba. Bahaushe da Bafulatani da Basine da Bature duk suna ɗauke da su, har mutanen Niyandatal ma suna da ARHGAP11B.

4.0 Muhawarar 2005

A 2005 ayarin Bruce Lahn na Jami'ar Chicago ya wallafa maƙalu biyu a mujallar Science. Sun ce wani sabon nau'in maikurosefalin ya bayyana kimanin shekara 37,000 da suka wuce, wani na ASPM kuma kimanin shekara 5,800, kuma dukansu sun bazu da sauri a Turai da Asiya amma sun yi ƙaranci a Afirka kudu da Sahara. Nan da nan masu ra'ayin fifikon launin fata suka riƙe wannan hujja. Gwaji ne ya warware ta. A 2006 an auna ƙwaƙwalwar mutum 120 da na'urar hoto a Los Angeles, ba a ga bambancin girma tsakanin masu sabon nau'i da masu tsoho ba. A 2007 wani bincike da Lahn kansa yake ciki ya gwada mutum 2,393, bai samu alaƙa tsakanin nau'o'in da makin gwajin basira ba.

Kuskuren fassarar a fili yake. Lalacewar ƙwayar gado gaba ɗaya daban, ɗan bambancin harafi tsakanin lafiyayyun nau'o'inta daban. Igiyar guga idan ta tsinke ba a samun ruwa, amma wannan bai nuna cewa launin igiya yana ƙara yawan ruwan rijiya ba. Ko a tsakanin lafiyayyun mutane ma, girman ƙwaƙwalwa bai bayyana fiye da kimanin kashi 6 cikin 100 na bambancin makin gwajin basira.

5.0 Karin sauti da hasashen Dediu da Ladd

A 2007 Dan Dediu da Robert Ladd na Jami'ar Edinburgh suka kwatanta al'ummomi 49, suka lura cewa inda tsofaffin nau'o'in ASPM da maikurosefalin suka fi yawa, wato Afirka kudu da Sahara da wasu sassan gabashin Asiya, a nan ne harsuna masu karin sauti suka fi yawa. Ba su ce jini yana tilasta harshe ba. Sun yi hasashen wani ɗan karkata ne a yadda kunne da ƙwaƙwalwa ke tsinkayar hawa da saukar murya, wanda ba a ganinsa a mutum ɗaya, amma yana iya taruwa idan harshe ya ratsa bakin zuriya ɗaruruwa. A 2020 Patrick Wong da abokan aikinsa a Hong Kong sun gwada masu magana da Kantonanci fiye da 400, suka ba da rahoton ƙaramar alaƙa tsakanin nau'in ASPM da ƙwarewar bambance karin sauti, suka kuma ga cewa horon kiɗa yana cike giɓin.

Hausa tana tsakiyar wannan batu. Da karin sama da karin ƙasa da faɗau take rarrabe “wuya” na jiki da “wuya” ta wahala, “kuka” na hawaye da “kuka” ta miya, “fara” ta ci da “fara” aiki. Har nahawu ya dogara da shi, domin kari da tsawon wasali ne ke raba “ta zo” na labari da “ta zo” na umarni.

5.1 Ma'aunin Boɗinga da Shagari

Fulatanci, kamar Wolof da Serer 'yan uwansa, ba ya rarrabe kalmomi da karin sauti. A yankin da Mandera take, harsunan biyu sun haɗu fiye da ƙarni biyu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yau, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Gidansu gidan Fulatanci ne da Larabci, amma sun yi wa'azi da Hausa, kuma Nana Asma'u da ɗan'uwanta Isa sun mayar da waƙoƙin Fulatanci zuwa Hausa domin jama'a. Cikin 'yan zuriyoyi kaɗan, yawancin Torankawa da Sulluɓawan da suka zauna a gari suka koma Hausa ɗungurungum, alhali Fulanin ruga suka riƙe harshensu. Jikokin waɗancan a yau Sakkwatanci suke yi da cikakken karinsa, kuma ba a rarrabe su da maƙwabtansu ta kunne.

Wannan yana da nauyi domin Fulani suna da tarihin gado da ya bambanta da na maƙwabtansu ta wasu fuskoki. An tabbatar cewa da yawansu suna ɗauke da nau'in ƙwayar gadon da ke ba babba damar narkar da ɗanyar madara, irin wanda ake samu a Turai da arewacin Afirka, kuma kiwo ne ya yaɗa shi a cikinsu. Ke nan al'ada tana iya sauya jini idan akwai ribar rayuwa a fili. Karin sauti ba shi da irin wannan riba: yaron da ya tashi a Mandera zai ɗauki harshen da ya ji a tsakar gida da makarantar allo, ko daga wane tsatso ya fito.

Shaidar yankin ba ta rushe hasashen gaba ɗaya ba, tunda masu shi sun yarda kowane yaro yana iya koyon kowane harshe. Abin da ta nuna shi ne sauyin harshe yana iya faruwa cikin zuriya uku ko huɗu, wato ya fi kowane ƙaramin karkata na gado sauri, ta yadda taswirar harsuna ta yau ba lalle ta dace da taswirar jini ba. Akwai ƙarin misalai. Zabarmanci yana da karin sauti, amma ɗan'uwansa na Tambutu ya rasa shi. Sawahili ya rasa shi a tsakiyar harsunan Bantu masu kari. André Haudricourt ya nuna tun 1954 cewa karin Biyetnamanci ya tsiro ne daga baƙaƙen da suka zube. Ilimin harshe yana da nasa bayanin samuwar kari da ɓacewarsa, kuma duk wani bayani na gado sai ya nuna abin da ya ƙara a kai.

6.0 Abin da ya shafi iyali

Fa'idar wannan ilimi ga jama'ar yankin tana wurin lafiyar yara. Ƙanƙancewar kai ta gado tana bin tsarin da aka saba da shi a cutar sikila: uwa da uba lafiyayyu ne masu ɗauke da lalataccen kwafi ɗaya kowannensu, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu jariri ya haɗa biyun. 'Ya'yan wa da ƙane suna tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na gadonsu, shi ya sa auren zumunci yake ƙara yiwuwar haɗuwar. Ƙarin ba mai yawa ba ne ga yawancin ma'aurata, domin haɗarin haihuwar jariri mai babbar larura yakan tashi daga kimanin kashi 3 zuwa kimanin kashi 5 ko 6 cikin 100, amma yana ƙaruwa a dangin da aka maimaita irin wannan aure zuriya bayan zuriya. Sanin haka yana sauke wa uwa laifin da ake yawan ɗora mata ita kaɗai, yana kuma rage jingina larurar ga iskoki ko sammu. Awon kewayen kai, wanda yakan kasance santimita 34 zuwa 35 ranar haihuwa, abu ne da ma'aikaciyar asibitin ƙauye za ta iya yi da tef ɗin awo.

Mafi yawan abin da ke tauye ƙwaƙwalwar yara kuwa daga muhalli yake zuwa: tamowa, ƙarancin sinadarin aidin, zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau da doguwar naƙuda. Gubar dalma da ta ɓulla a ƙauyukan haƙar zinariya na Anka da Bukkuyum a Zamfara a 2010 ta kashe yara aƙalla 400, ta kuma bar wasu da lahani na dindindin. Cutar Zika ta jawo haihuwar dubban jarirai masu ƙanƙanen kai a Brazil a 2015 da 2016 ba tare da wata lalatacciyar ƙwayar gado ba.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa girman ƙwaƙwalwar ɗan Adam ya samu ne daga tarin ƙananan sauye-sauye da suka tsawaita ninkuwar uwayen ƙwayoyi a ciki, kuma manyansu gadon kowa ne. Nau'o'in ASPM da maikurosefalin da suka bambanta tsakanin al'ummomi ba a same su da tasiri a kan girman ƙwaƙwalwa ko basira ba, tasirinsu a kan karin sauti kuwa, in ma akwai shi, ƙarami ne kusa da ƙarfin cuɗanya irin ta Boɗinga da Shagari. Afirka ce nahiyar da ta fi kowace yalwar bambancin gado, amma rabonta a manyan binciken duniya bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba. Binciken shirin H3Africa na 2020 a kan mutum 426 kaɗai ya fito da sababbin nau'o'i fiye da miliyan 3. Aikin da ya rage wa manazarta Hausa shi ne rubuta tarihin sauyin harshe na gidaje da ƙauyuka daga bakin dattawa tun suna raye, auna yadda yara masu harshe biyu ke koyon kari, da daidaita kalmomin kimiyyar gado tare da likitocin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, domin a iya yi wa iyaye bayani da harshen da suke ji.